Gwaji Ya Nuna Maleriya, Zazzaɓi Bai Sauka Ba: Ƙwayoyin Bairas na Sauro da Lafiyar Yara a Danwarai da Kewayenta

A watannin ƙarshe na shekarar 2021, ma'aikatan binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa sun bi gida-gida a faɗin Najeriya suna ɗibar jinin yara 'yan wata 6 zuwa wata 59. Da aka ɗora jinin ƙarƙashin madubin likita, sai aka ga ƙwayar maleriya a jikin kashi 22 cikin ɗari na yaran ƙasar. A Legas kashi 2 ne kacal. A Kebbi kuwa kashi 49 ne, babu jihar da ta kamo ta. A 2018 kashi 52 aka samu a jihar, a 2015 kuma kashi 64.

Da waɗannan alƙaluma ake kafa hujjar rabon gidan sauro, da maganin kariya da ake bai wa ƙananan yara wata-wata a damina. Su ne kuma suka sa aka zaɓi Kebbi tare da Bayelsa don fara allurar rigakafin maleriya ta R21 a watan Disamba na 2024. Duk wannan daidai ne, maleriya ce babbar mai kashe yara a yankin, kuma babu mai hankalin da zai rage mata girma. Sai dai adadin nan na 49 yana ɗauke da wani bayani da ba a cika tsayawa a kansa ba. A gida aka tarar da yaran da aka gwada, da yawansu suna wasa a tsakar gida, jikinsu lafiya lau. Idan kusan rabin yaran gari na yawo da ƙwayar maleriya a jini, to duk cutar da ta kama su, mura ce ko ƙyanda ko ciwon kunne, kusan rabinsu gwaji zai nuna maleriya. Gwajin gaskiya ya faɗa, ƙwayar tana nan. Amma ba a tambaye shi ko ita ce ta kawo zazzaɓin yau ba, kuma ba shi da hanyar amsa wannan tambayar.

Wannan takarda ta ɗauki rukuni guda daga cikin cututtukan da ke iya fakewa a bayan wancan sakamako, wato ƙwayoyin bairas da sauro ke yaɗawa: dengi, shawara, cikungunya, Zika, zazzaɓin Yammacin Nilu da zazzaɓin Kwarin Rift. Matsayinta shi ne, hujjojin tarihi da na maƙwabta da na muhalli sun isa a ɗauka cewa waɗannan ƙwayoyi suna da kaso a zazzaɓin yaran Danwarai da Jega da Maiyama, kuma akwai abubuwan da ya kamata a sauya a ɗakin duba marasa lafiya tun kafin a kammala auna girman kason.

Yankin da hanyoyinsa

Danwarai mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Aliero, ƙasar albasa. Babban titin da ya taso daga Sakkwato ya bi ta Tambuwal, ya ratsa Aliero, ya sauka Jega a bakin Gulbin Zamfara, daga nan ya miƙa kudu ta Maiyama da Koko zuwa Yawuri. Manyan motoci na ɗaukar albasa zuwa kudancin ƙasar da ƙasashen maƙwabta, su dawo da wasu kayan da wasu mutanen. Kasuwar Jega na tara fatake daga nesa, jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero na tara ɗalibai, masu ɗorin Aliero kuma na karɓar majinyata daga ko'ina. Ta yamma, jihar ta yi iyaka da Nijar da Benin.

Zirga-zirgar nan na da muhimmanci saboda sauron da ke yaɗa dengi ba mai tafiya ba ne. Da wuya ya yi nisan da ya wuce 'yan ɗaruruwan mitoci daga inda aka ƙyanƙyashe shi. Mutum ne ke kai cutar gari zuwa gari. Wanda sauro ya ciza a Sakkwato na iya kwana 4 zuwa 10 bai ji komai ba, wani ma har ya warke bai san ya kamu ba, alhali ƙwayar na yawo a jininsa na 'yan kwanaki. In sauron gidan da ya sauka ya sha jininsa, bayan kwana 8 zuwa 12 sauron ya zama mai yaɗawa har ƙarshen rayuwarsa.

Tsohuwar cuta a ƙasar nan

Ana yawan ɗaukar dengi a matsayin cutar Asiya da Kudancin Amurka, amma a Najeriya aka fara ware ƙwayarta daga jinin mutane a nahiyar Afirka. Tsakanin 1964 da 1968, masu bincike a ɗakin nazarin bairas na Jami'ar Ibadan sun riƙa karɓar jinin masu zazzaɓi da suka zo asibitin koyarwa, galibinsu ƙananan yara, suka ware nau'i na 1 da na 2 na dengi. Sun wallafa sakamakon a 1971. Ɗakin ne kuma ya bi diddigin annobar cikungunya da ta auka wa Ibadan a 1969, ya kuma samu Zika a jinin yara masu zazzaɓi shekaru da yawa kafin duniya ta san sunanta ta dalilin Birazil a 2015. Abin lura a aikin Ibadan shi ne yaran ba su zo da wata alama ta daban ba. Zazzaɓi ne irin na kullum, wanda a wani asibitin da an rubuta maleriya an sallame su. An ga ƙwayoyin ne saboda akwai mai nemansu.

A Arewa, Farfesa Marycelin Baba da abokan aikinta na Jami'ar Maiduguri sun wallafa bincike a 2013 kan majinyatan da aka ɗauka maleriya ko taifot ke damunsu. Sun samu alamun garkuwar jiki da ke nuna haɗuwa da dengi da shawara da cikungunya da ƙwayar Yammacin Nilu, wasu majinyatan ma fiye da guda. A Gana, wani bincike na 2015 ya duba jinin yara 218 da aka riga aka tabbatar suna da maleriya a Akra da Kintampo da Nabrongo. Kusan kashi 22 cikin ɗari sun taɓa haɗuwa da dengi, kashi 3 kuma alamar ta nuna kamuwar kwanan nan ce. Nabrongo na arewacin Gana, ƙasar gero da dawa mai dogon rani, irin ta Kebbi.

Dole a yi hattara da irin waɗannan sakamako. Dengi da shawara da Zika da Yammacin Nilu 'yan gida ɗaya ne, garkuwar da jiki ya yi wa ɗaya takan bayyana a gwajin ɗaya, har wadda allurar rigakafin shawara ta haifar. Don haka gwajin garkuwa na iya kumbura adadi. Wanda ke yanke gardama shi ne gwajin da ke kama ƙwayar da kanta, wato PCR, ko gwajin NS1 mai gano wani sinadarin jikin dengi a kwanakin farko na ciwo.

Shekarun baya-bayan nan sun kawo irin wannan tabbacin har bakin ƙofa. A watan Nuwamba na 2023 aka gano dengi a Jihar Sakkwato. Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka ta ba da sanarwar mutum 71 da ake zargi da 13 da aka tabbatar, ba a rasa rai ba, kuma mafi yawansu daga ƙaramar hukumar Sakkwato ta Kudu suke, sai Wamakko da Dange Shuni. Yawancinsu 'yan shekara 21 zuwa 40 ne. Bai kamata a karanta wannan a matsayin shaidar cewa yara sun tsira ba. Babba mai aiki a birni shi ke iya bayyana ciwon bayan ido da na ƙashi, shi ke da kuɗin komawa asibiti karo na uku har likita ya yi tunanin wani gwajin. Ɗan shekara biyu kuka kawai zai yi.

A 2023 ɗin ne kuma Burkina Faso ta ga annobar dengi mafi muni a tarihinta, sama da mutum 140,000 da ake zargi, kusan 700 suka rasu, mafi yawa a Wagadugu da Bobo Julaso. A 2020 cikungunya ta kwantar da dubun dubatar mutane a Abeshe ta ƙasar Chadi, gari mai zafi da ƙarancin ruwan sama, inda kowane gida ke ajiyar ruwa. A 2016 zazzaɓin Kwarin Rift ya ɓulla a Jihar Tawa ta Nijar, a yankin Cintabaraden da Tasara, ya kashe makiyaya sama da 30, dabbobi suka yi ta ɓari. Shi wannan ya fi shiga mutum ta jinin dabba da naman da ake fiɗa da mahaifar da aka taɓa, sauro kuma na yaɗa shi tsakanin garke. Yaran da ke kiwo da masu taya mahauta aiki suna cikin waɗanda ya fi kusa da su. Babu ɗaya daga cikin waɗannan wurare da ke cikin kurmi. Duk ƙasashen Sahel ne da sabana.

Sauron da gidan sauro ba ya tarewa

Sauron maleriya, Anofilis, da dare yake cizo, a kududdufai da fadamun shinkafa da sawun shanu yake ƙwai. Na dengi da shawara da cikungunya da Zika, wato Edis ijibti, halinsa daban. Ƙarami ne baƙi, da zanen fari a ƙafafu da baya. Da hantsi yake fita, da kuma la'asar sakaliya zuwa magariba. Ƙafa da idon sawu yake nema, kuma da an motsa sai ya tashi ya koma kan na kusa, shi ya sa sauro guda kan ciji yara uku ko huɗu a zama ɗaya a makarantar allo. A lokacin da yake aikinsa, gidan sauro na naɗe a saman gado.

Wanda ke son ganin inda yake hayayyafa ya shiga kowane gida da tocila ya haska cikin randa. A ruwan da ake ganin garau, na sha, zai ga ƙananan tsutsotsi rataye a saman ruwa da kai ƙasa, da haske ya taɓa su sai su nutse suna murɗawa. Macen ba ta zuba ƙwai a kan ruwa. A jikin randar take manna su ɗaya-ɗaya, ɗan sama da inda ruwan ya tsaya, baƙaƙe ƙanana kamar garin gawayi. Ƙwan na jure bushewa na watanni. Uwargida za ta juye ragowar ruwa ta ɗauraye randa, mai garuwa ya cika ta, ruwan ya rufe ƙwan, su ƙyanƙyashe. Cikin kwana 7 zuwa 10 sabon sauro ya tashi. Ɗauraya ba ta ciro ƙwan, sai an sa soso an goge bangon ciki.

Haka abin yake a duro da jarkar da ba murfi, da kaskon ruwan kaji da tantabaru, da kwamin shayar da tumaki, da tankin siminti na masu buga bulo, da gwangwanin tumatir a juji. Tsohuwar taya ta fi duka: baƙa ce mai riƙe ɗumi, ruwan da ya shige ta ba ya fita ko an mirgina ta, ga ta jibge wurin masu faci a duk tashar da ke kan titin Jega, ga ta kuma a kan rufin kwano an danne shi saboda iska. Inda famfo ba ya zuwa kullum, ajiyar ruwa dole ce, ba ƙazanta ba ce. Ita ce kuma ke bai wa wannan sauro damar ratsa rani a cikin ɗaki alhali kududdufai sun ƙafe.

Zafi ma na taya shi. Nazarin da Erin Mordecai da abokan aikinta suka wallafa a 2020 ya nuna yaɗuwar maleriya ta fi ƙarfi a ma'aunin zafi 25, ta dengi kuwa a 29. Sun yi hasashen cewa ɗumamar yanayi da bunƙasar garuruwa za su riƙa karkatar da nauyin cuta a Afirka daga maleriya zuwa waɗannan ƙwayoyin bairas. A duniya baki ɗaya, an kai rahoton masu dengi sama da miliyan 6.5 a 2023, a 2024 adadin ya haura miliyan 14.

A ɗakin duba yara

Ga yadda abin ke gudana a ƙaramin asibiti. Uwa ta sauke goyo, ta ce masassara ce kwana biyu, ba ya cin abinci, ya yi amai. Ma'aikacin lafiya ya goge yatsan yaron, ya soke, ya ɗiga jini a ramin ɗan farantin gwaji, ya bi da ruwan gwajin, a jira minti 15 zuwa 20. Layi biyu suka fito, alamar maleriya, sai a ba da maganinta na ACT na kwana uku. Wannan shi ne daidai, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ce tun 2010 a gwada kafin a ba da magani, kuma duk yaron da gwaji ya nuna maleriya a ba shi maganinta ba tare da jinkiri ba. Sai dai mafi yawan faranten na neman wani sinadari ne mai suna HRP2, wanda kan zauna a jini na makonni bayan ƙwayar ta mutu. Yaron da ya warke daga maleriya a farkon wata na iya nuna layi biyu a ƙarshensa.

Matsalar na farawa ne a kwana na uku, in jiki bai sauka ba. A nan ne ake cewa maganin jabu ne, ko maleriyar ta yi ƙarfi, a koma allura. Ko a tura gwajin Widal, wanda a ƙasar da taifot ta zama ruwan dare yakan nuna cutar a jikin mai lafiya ma, sai a ɗora yaro kan maganin kashe ƙwayoyin bakteriya da ba ya taɓa bairas ko kaɗan. Kuɗin albasar da aka sayar ya tafi kemis, ƙwayoyin bakteriyar gari kuma suna koyon jure magani. In gwajin maleriya ya nuna layi ɗaya ma, sau da yawa ba a yarda da shi, saboda ma'aikacin ba shi da wani sunan da zai bai wa uwar, ita kuma ba za ta koma gida hannu rabbana ba. Gwajin dengi ba ya cikin kayan aikin yau da kullum na ƙananan asibitoci, cutar da ba a gwadawa kuwa ba ta shiga rajista.

Tanzaniya ta nuna girman wannan giɓi. A Moshi, cikin majinyata 870 da aka kwantar da zazzaɓi a 2007 da 2008, likitoci sun ce kashi 61 cikin ɗari maleriya ce. Bincike ya tabbatar da ita a ƙasa da kashi 2, cikungunya kuwa ta kai kusan kashi 8 na waɗanda aka gwada, kuma babu majinyaci ko ɗaya da aka rubuta masa sunanta. Wani binciken na 2014 kan yara 1,005 a Darussalam da Ifakara ya samu cutar bairas iri-iri a kusan kashi 70, maleriya a kusan kashi 10. Amma Moshi wuri ne mai ƙarancin maleriya, gano kuskuren bai yi wuya ba. Kebbi ta fi wahala, domin a nan maleriyar gaskiya ce, cututtukan biyu na iya zama a jikin yaro ɗaya.

Mafi yawan yaran da suka kamu da dengi ko cikungunya za su warke da kansu cikin mako guda, kuma babu maganin da ke kashe ƙwayar. Mai tambaya zai ce to mene ne amfanin sanin sunan. Amfanin na cikin abubuwa biyu da ke iya raba rai da mutuwa.

Na farko maganin zafin jiki ne. Dengi na rage ƙwayoyin da ke daskarar da jini. Asfirin da ibufurofen da dikulofenak, waɗanda ake sayarwa a kowane kemis da tiren mai yawo, suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki. Farasitamol kaɗai ya dace, gwargwadon nauyin yaro, tare da ruwa mai yawa, nono, kunu da ruwan gishiri da sukari.

Na biyu lokaci ne, kuma shi ya fi ban tsoro. A maleriya saukar zazzaɓi alamar sauƙi ce. A dengi, haɗarin na zuwa ne daidai lokacin da jiki ya yi sanyi, tsakanin kwana na 3 da na 7. A 'yan tsirarun yara, jijiyoyin jini kan fara yoyo, ruwan jini ya tsiyaye zuwa ciki da ƙirji na tsawon kwana ɗaya zuwa biyu. Uwa na hamdala masassara ta sauka, yaron kuwa ya yi laushi, cikinsa na ciwo, amai ba ya tsayawa, tafin hannu da ƙafa sun yi sanyi, fitsari ya ragu, wani lokaci da haɓo ko jini a dasashi. Ƙarin ruwa da aka auna da kyau a wannan gaɓa na sauko da mace-mace ƙasa da kashi 1 cikin ɗari. In aka makara yaro ya tafi, in aka cika ruwan kuma huhu ya cika. Akwai tarko na musamman a nan ga ma'aikatan Kebbi. Alamar yoyon ita ce ma'aunin kaurin jini, PCV, ya tashi da kashi ɗaya cikin biyar. Yaron da maleriya ko sikila ta riga ta shanye wa jini, wanda ma'auninsa 25 ne, in ya koma 30 sai a ɗauka jini ne ya ƙaru. Dengi nau'i huɗu ce, kuma kamuwa ta biyu da wani nau'in ta fi ta farko haɗari, don haka garin da cutar ta ratsa shiru a bana ya tanadi yara masu rauni ga nau'in da zai zo baɗi.

Shawara

Cikin rukunin duka, shawara ce ta fi kisa, ita ce kuma ke da rigakafi mafi inganci. Tana farawa da zazzaɓi na kwana uku ko huɗu wanda ba a bambanta shi da maleriya. Kusan mutum 15 cikin 100 na masu ciwon kan shiga zango na biyu bayan ɗan sauƙi: ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, aman baƙin jini, kuma kusan rabinsu ba sa tashi. Bayan shekaru da lafawa, ta dawo Najeriya a Satumban 2017 ta jikin wata yarinya 'yar shekara 7 a ƙaramar hukumar Ifelodun ta Jihar Kwara. Cikin 'yan watanni aka tabbatar da ita a Kogi, Kano, Zamfara, Nasarawa, Neja da Kebbi. A ƙarshen 2018 aka yi gangamin allurar rigakafi a Kebbi da Sakkwato da wasu jihohi, a 2019 kuma cutar ta ɓulla a Alkaleri ta Bauci da wasu sassan Katsina.

Duk yaron da aka haifa bayan wancan gangami, kariyarsa na rataye ne ga allurar wata tara, wadda ake yi tare da ta ƙyanda tun 2004. Sau ɗaya ake yin ta, ta isa har abada. Ita ce kuma allurar da aka fi tsallakewa, domin a wata tara yaro ya yi ƙwari, uwa ta daina zuwa awo, wataƙila ma wani cikin ya shiga. Yaron da idonsa ya yi ɗorawa kuma galibi wurin mai saiwa da sassaƙe ake fara kai shi. Ƙa'idar sa ido ta ce duk zazzaɓin da ɗorawar ido ta biyo cikin kwana 14 a ɗebi jini a sanar da jami'in sa ido na ƙaramar hukuma. Masu maganin gargajiya ne ke fara ganin waɗannan yara, saboda haka tsarin da bai jawo su a jiki ba zai riƙa jin labari ne bayan jana'iza.

Abin da za a iya aunawa a nan

Yankin na da abin da wurare da yawa ba su da shi: jami'a a Aliero, kwalejin kimiyyar lafiya a Jega, manyan asibitoci a hedikwatocin ƙananan hukumomin Aliero da Jega da Maiyama, asibitin tarayya a Birnin Kebbi, da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Takardar na ba da shawarar a zaɓi asibitocin Aliero da Jega da Maiyama tare da cibiyar lafiya a matakin farko a Danwarai, a riƙa ɗaukar yara 'yan ƙasa da shekara 15 masu zazzaɓin da bai wuce kwana 5 ba, da yardar iyayensu. A yi musu gwajin maleriya da na NS1 nan take, a aika wani kaso na jinin zuwa babban ɗakin gwajin NCDC da ke Gaduwa a Abuja don PCR. Sharaɗin da ba za a sassauta ba shi ne a ɗauki waɗanda gwaji ya nuna maleriya da waɗanda bai nuna ba. Binciken da ya tsaya kan masu layi ɗaya zai zubar da rabin yaran Kebbi tun daga ƙofa.

Gefe guda kuma ɗalibai su ƙidaya mazubin ruwa masu tsutsa a cikin kowane gida ɗari, unguwa-unguwa, su rubuta irin mazubin da ya fi haifarwa. Randa na cikin gida, inda namiji baƙo ba ya shiga, don haka aikin na ɗalibai mata ne da ungozomomi da matan da suka saba rabon maganin damina. In ƙidayar ta nuna taya da duro ne suka fi, saƙon da za a kai wa hakimi da limamai da ƙungiyar masu faci zai zama takamaimai: a huda taya ko a kife ta a inuwar rumfa, a rufe duro ruf, a goge randa da soso ranar Juma'a. Allurar rigakafin dengi ta Qdenga, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2024, an ware ta ne ga yara 'yan shekara 6 zuwa 16 a wuraren da aka tabbatar cutar na yaɗuwa sosai. Jihar da ba ta da alƙaluma ba ta da bakin neman ta.

Wasu gyare-gyaren ba sa jiran sakamako. A gaya wa kowace uwa ta dawo da yaro in jiki bai sauka ba bayan kwana biyu da fara ACT, ta kuma dawo da gudu in ya sauka amma yaron ya ƙara laushi. A ja kunnen masu kemis kan asfirin da ibufurofen ga yaro mai zazzaɓi. A duba katin rigakafi duk zuwan da aka yi, ko da ciwon ido aka kawo. Yaro mai zazzaɓi a kwantar da shi cikin gidan sauro har da rana, don kada sauron gidan ya ɗauka ya kai wa ƙannensa.

Binciken kuma ya ɗauki shekara cur, kada ya bi kalandar maleriya. A fara a watan Mayu kafin ruwan farko, lokacin da ƙwan da suka kwana a jikin taya da kasko ke jiran jiƙa, a ci gaba har cikin hunturu da bazara. Masu dengi na Sakkwato a Nuwamba aka gan su, bayan ɗaukewar ruwa, lokacin da aka riga aka rufe rabon maganin damina na shekarar.